Jirgin Mutum Shida

A shekarar da Alhaji da Hajiya suka yi ritaya, sau bakwai na kai su filin jirgi na JFK, sau bakwai kuma na ɗauko su. Ni direban haya ne, na daɗe ina wannan aiki a New York. Gini ɗaya muke da su a Parkchester, su a hawa na huɗu, ni da iyalina a na biyu. Alhaji mutumin Yawuri ne, ya yi shekara talatin yana haɗa magani a wani asibiti a Bronx. Hajiya Bakanuwa ce, nas, ita ma ta yi kusan haka a wani asibitin daban. Wata ɗaya suka ajiye aiki, kuma a watan ne Alhaji ya daina tuƙin mota, saboda hawan jinin ido. Ya ce mini ganinsa ta gefe yake tafiya, kamar mai leƙe ta cikin bututu, bututun kuma kullum ƙara tsukewa yake.

A tafiyar farko, cikin sanyin Janairu, za su Atlanta sunan jikarsu. Muna kan gada sai Hajiya ta taɓa bayan kujerata.

"Ka zama shaida," in ji ta. "Shekara talatin ina aika saƙo ina ba da haƙuri, wai ina bakin aiki. Bana da ƙafata zan je. Suna, biki, walima, duk inda aka kira ni. Shi kuma zai bi ni, ba ƙorafi."

"Na yarda," in ji Alhaji. "Shekarar taki ce. Rana ɗaya kawai nake roƙo a cikinta. Ki shiga jirgin ruwan nan tare da ni."

"Wancan bahon wankin mai ƙyalle?"

"Shi."

"Malam, ni ko tafkin unguwarmu ban taɓa sa ƙafa ba."

"Rana ɗaya."

Da muka sauka daga gadar ta ce, "To, Allah ya kai mu." Alhaji ya juyo wajena ya ce, "Ka ji dai." Na ce na ji.

Jirgin ba nasa ba ne. Na wani Bature ne da suka yi aiki tare, wanda ya koya masa tuƙinsa a ranakun hutu. Baturen an yi masa aikin gwiwa, sai ya bar wa Alhaji jirgin na bazara ɗaya. A ƙarshen Oktoba za a ciro shi daga ruwa a kai wa ɗan Baturen a wata jiha. Likitan ido kuma ya riga ya gaya wa Alhaji cewa baɗi kada ya sa rai da irin wannan. Ke nan daga Mayu zuwa Oktoba ne kaɗai ranar da ya roƙa za ta iya faɗowa.

Ranar da na fara kai shi City Island, inda jirgin yake, na yi niyyar in ajiye shi in koma neman fasinja. Ban taɓa sanin akwai irin wannan wuri a Bronx ba: titi ɗaya dogo, gidaje ƙanana, warin kifi, ga sandunan jirage a tsaye kamar karan dawa bayan girbi. Na ce bari in raka shi bakin ruwa kawai. Na ga jirgin fari ne, tsawonsa bai kai na bas ba, da doguwar sanda a tsakiya ta ɗaga ƙyallen da iska ke turawa, da ɗan inji a baya. Kusa da wurin zama akwai wani ɗan ƙarfe da aka kafa da ƙusa, da rubutu a kai.

"Karanta mini," in ji Alhaji.

A lokacin ina shekara ta biyu a ajin manya, Talata da Alhamis da hantsi, a wani ɗaki a Tremont. Allo na yi ina yaro, boko kuwa sai da gemuna ya fara fari. Sunayen tituna na daɗe da sanin su da ido kamar fuskokin mutane, amma bin rubutu harafi bayan harafi sabon abu ne a wurina. Na durƙusa na bi shi a hankali. Rubutun ya ce kada a wuce mutum shida.

"Madalla," in ji shi. "Ga wata kuma."

Ya ciro wata takarda mai ƙananan lambobi a jere. Da na dube ta sai na ce ai wannan jadawalin sallah ne, irin na bangon masallaci. Ya yi dariya ya ce kusan haka ne, amma na ruwa. Sau biyu a yini ruwan teku yakan hau, sau biyu yakan janye, kuma kowace rana lokacin yana matsawa gaba. An rubuta na shekara guda tun kafin ta kama. Wurin da ake ɗaure jirgin ba shi da zurfi, jirgin kuma yana da wani ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashinsa. In ruwa ya janye, ba fita, ba shiga. Lambobin sun yi wa idonsa ƙanƙanta, don haka karatun takardar ya zama aikina.

Abin ya tsaya mini a rai. Ruwa mai alƙawari? A garinmu gulbi yakan zo ran da ya ga dama. Sai na riƙa gwada takardar. In na sauke fasinja a kusa, sai in bi ta bakin ruwan in duba wani turke da na yi wa alama da alli, in ga ko za ta yi ƙarya. Ba ta taɓa yi ba. Na tambayi Alhaji wa ke jan ruwan, ya ce wata ne. Na ce watan da muke dubawa ranar Sallah? Ya ce shi. Na kwana biyu ina juya wannan magana.

Haka na zama mai ja masa igiya. Abu na biyu da ya ɗaure mini kai shi ne yadda jirgi ke tafiya wajen da iska take fitowa. In ta turo ka ta baya, kowa ya gane. Amma ta bugo ka ta gaba ka kuma ci gaba? Alhaji ya ce in tuna ƙwallon mangwaro mai santsi in an matse shi tsakanin yatsu biyu. Iska na matsa ƙyallen ta nan, ruwa na matsa ƙarfen ƙasa ta can, sai jirgin ya suɓuce gaba. Ba ya miƙewa, sai dai ya karkata dama ya karkata hagu, kamar jaki mai hawan tudu da kaya. Na ce ina son in ga ƙarfen nan. Ya ce sai ranar da aka ciro jirgin.

Ana cikin haka shekarar Hajiya na ta tafiya. Sun yi Umra da azumi. A Mayu autarsu ta gama jami'a a Maryland, aka yi walima ta kwana biyu. Babbar Sallah a gidan babban ɗansu suka yi ta. A Yuli suka tafi Kano auren 'yar ƙanenta, mako uku, suka dawo da akwati biyar, uku a ciki saƙon mutane ne, na yini ina rabawa tsakanin Tremont da Harlem. Waɗannan manyan ke nan. Ƙananan kuwa, na cikin gari, ba su ƙirguwa. Kowace Asabar da Lahadi akwai suna ko ɗaurin aure ko saukar karatu, na 'yan Nijeriya, na 'yan Nijar, na mutanen Zangon Kumasi. Hajiya ba ta ware kowa ba. Har bikin wata abokiyar aikinta 'yar Kudancin Kaduna suka je a coci, Alhaji da babbar riga a benci na biyu. Shi kuma ya cika alƙawari. Ya zauna a ɗakunan taro yana murmushi ga mutanen da ba ya ganin fuskarsu sosai, bai taɓa cewa ya gaji ba.

Sau uku aka sa ranar jirgi. Ta farko aka yi haihuwa a gidan maƙwabta. Ta biyu ruwan sama. Ta uku har sun sa takalmi za su fito sai ga baƙi daga Philadelphia sun yi sallama, ba wanda ya san da zuwansu. Na tsaya a ƙasa da mota na minti arba'in, sannan Alhaji ya kira ni ya ce in tafi, an ɗora tukunya.

Wata rana muna tsakiyar ruwa mu biyu na tambaye shi me ya sa sai lallai da Hajiya. Ya ce mahaifinsa mai kwalekwale ne a Yawuri, yana ƙetarar da mutane ranar kasuwa. Lokacin da yake neman Hajiya ya yi mata alƙawarin zai kai ta garinsu ya ƙetarar da ita kogi da hannunsa. Aka yi aure, karatu ya kawo shi nan, tsohon ya rasu, kwalekwalen ya ruɓe a gaɓa.

"Shekara arba'in ta san ni a kan tudu," in ji shi. "A kan tudu ni mutum ne mai lalube. Ina son ta gan ni sau ɗaya a inda na san abin da nake yi, tun ina iya ganin ta gan ni."

Na ɗauka Hajiya tsoro ne kawai ke gare ta, kuma kowane fashi daɗi yake mata. A farkon Oktoba na gane ba haka ba ne. Ta kira ni in kai ta wani shago, ita kaɗai, ta fito da kwalin takalmin kambas fari.

"Ya ce ba a shiga da mai tsini," in ji ta. "Kada ka gaya masa." Muka yi nisa kaɗan ta sake magana. "Kai da kake binsa, me yake yi a can?"

"Ba ya yin komai, Hajiya. Yana riƙe da itacen juya jirgi yana sauraro."

"Sauraron me?"

Na ce ban san yadda zan faɗa ba, sai ta je.

Aka sa Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Litinin da safe za a ciro jirgin. Na duba takarda: za mu iya fita daga sha biyu da rabi, kuma dole mu dawo kafin ƙarfe biyar. Mu uku ne kawai, da ɗan abinci a leda.

Kuskuren daga wuri biyu ya fito. Ranar Juma'a bayan an sauko, wasu dattawa biyu suka tambayi Alhaji ina za a same shi ranar Lahadi. Ya gaya musu, ya kuma ƙara da abin da kowannenmu zai ƙara: "Bismillah, ku zo mana ku sa albarka." Hajiya ita ma ta kira ƙawarta ɗaya ta ce a taya ta addu'a, za ta shiga ruwa. Ƙawar ta sa maganar a zauren mata na waya. To mutanen da suka yi wata goma suna cika wa kowa taro, ranar farko da aka ji suna da wani abu nasu, wa zai zauna a gida? Gayyatarmu kuma ba ta da adadi. Ban taɓa jin Bahaushe ya ce ka zo amma kai kaɗai ba.

Mun isa sha biyu da kwata, muka tarar da motoci tara a wurin fakin. Manyan riguna, shadda mai sheƙi, leshi, gwaggwaro, yara na gudu a kan gadar katako iyayensu na kira da Hausa suna amsawa da Turanci. An sauke kuloli: dafa-duka, waina da miyar taushe, wake da shinkafa irin na mutanen Zango, kunun aya a jarka. Har da liman. Na ƙirga mutum talatin da huɗu. Mai kula da wurin, wani Bature mai jan wuya, ya fito daga ɗakinsa ya tsaya yana kallo. Kafin ya buɗe baki wata ta miƙa masa faranti, ya karɓa ya koma ciki.

Na dubi Alhaji. Ya tsaya kaɗan riƙe da ƙofar mota, sannan ya gyara hula ya nufi mutane hannu biyu a buɗe. "Lale, lale! Kai, amma kun kyauta." Hajiya kuwa ko gaisawa ba ta gama ba ta ɗaura gyale a ƙugu ta karɓi ludayi. Taro nata ne, ita ce mai rabo.

"Ina jirgin?" in ji wani ɗan Damagaram mai sayar da waya. Aka nuna masa. "Wannan? Ni na ɗauka irin ƙaton nan na fito na Staten Island ne! Ai motata ta fi shi."

"Motarka in ta shiga nan sai dai a yi mata salla," in ji wani, aka kwashe da dariya.

Ba yadda za a yi baƙo ya zo ganin jirgi a ce masa ya koma bai shiga ba. Alhaji ya ce za a yi huɗu-huɗu, shi da ni mu cike shida. Kowane zuwa da dawowa yana cin minti arba'in, don sai an sa wa kowa rigar ruwa a kan babbar riga, sai an lallashi mai tsoro, sai an ɗauki hoto. Ba ma ɗaga ƙyalle, inji kawai muke kunnawa mu zagaya mu dawo. A zuwa na biyu iska ta ɗauke hular ɗan Damagaram, ya roƙi a juya a ɗauko ta, wai daga Makka aka kawo masa. Muka juya. Minti goma.

Duk dawowar da muka yi sai na dubi turkena. Ruwan ya kai alamar allin, ya tsaya, ya fara sauka. Duk dawowa kuma sai Alhaji ya tambaye ni a hankali, "Tana ina?" In ce tana rabon abinci. Ya ce to.

Bayan zuwa na huɗu la'asar ta yi. Aka shimfiɗa tabarmi a kan ciyawa aka yi jam'i. Da aka sallame na duba agogo, huɗu saura biyar. Lokacin zuwa ɗaya kawai ya rage. Mata da yawa sun ce su ba za su shiga ba, amma akwai maza shida da ke jira, cikinsu har da liman da dattawan nan biyu da aka gayyata da baki. Sun yi kara sun bar yara da samari sun riga su. Yanzu nasu ne.

Na je wajen Hajiya tana goge kula. Na ce lokaci ya kusa ƙurewa.

"Ka ga Malam liman bai shiga ba," in ji ta. "In wuce gabansu in shiga, a ce me? Baƙi ne gaba. Allah bai yi ba ke nan."

Ta faɗa ba tare da ta dube ni ba. Da ta sunkuya sai zaninta ya ɗan ɗaga, na ga farin kambas ɗin nan a ƙafarta.

Na san Alhaji ba zai taɓa cewa da liman ya haƙura ba, ko da idon ne zai rufe a ranar. Ni kuma ba ni da girman da zan faɗa. Na tsaya da takarda a hannu ina dube-dube, sai idona ya faɗa kan Gwaggo. Tsohuwa ce 'yar Kumasi, ta haura tamanin, duk Bronx haka ake kiran ta, kuma ba wanda bakinta ya ƙyale. Tana kan kujerar da aka naɗo mata tana cin goro. Na durƙusa na gaya mata komai, idon, alƙawarin, Litinin.

"Wa ya ce ruwan zai gudu?" in ji ta.

Na nuna mata takardar.

"Kai, ni na san wannan? Karanta mini."

Na sa yatsa a layin ranar na karanta mata. Ta dubi ruwan, ta dubi Hajiya, ta tauna goronta.

"Shekara nawa da aurensu?"

"Arba'in."

"Bai taɓa kai ta garinsu ba?"

"Ta ruwa dai bai taɓa ba."

"Ashe ba ta tare ba. Ɗaga ni."

Na ɗaga ta. Ta gyara tsayuwa ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, har tsuntsayen da ke kan turaku suka tashi. Kowa ya juyo.

"Mata, ku taso! Yau za mu kai amarya ɗakinta. Shekara arba'in tana zaune a gidan aro."

Ban san yadda mata ke gane irin wannan abu cikin ƙiftawar ido ba. Kafin Hajiya ta ajiye tsumma an ƙwace shi, an lulluɓa mata wani babban mayafi, wata ta ciro turare a jaka tana fesawa, wata ta juya kula tana kaɗawa. Hajiya na cewa, "Gwaggo, don Allah, da jikokina?" Gwaggo ta ce, "Yi shiru, amarya ba ta magana." Aka ɗora mata rigar ruwa a kan mayafin aka nufi gadar katako da ita ana tafi.

Liman yana tsaye a bakin gadar, an riga an ɗaura masa tasa rigar. Gwaggo ta tsaya a gabansa.

"Allah gafarta Malam, a wane littafi ka ga liman ya bi amarya ɗaki? Naka addu'a ne a bakin ƙofa."

Liman ya dubi Alhaji, ya dubi mayafin, sai ya fashe da dariya ya fara kwance rigar. "Wallahi Gwaggo kin cece ni. Tun ɗazu tsoro nake ji, kunya ce ta hana ni faɗa." Ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, ya yi addu'ar zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Wani ya ce, "Malam, zuriyar ai har ta gama jami'a." Aka shafa ana dariya.

"Kai kuma abokin ango," in ji Gwaggo da ni, "ka shiga, amma ka juya musu baya."

Huɗu da minti goma na kwance igiya. Hajiya ta zauna ta ƙanƙame ƙarfen gefe da hannu biyu, mayafin har yanzu a kanta. Muka wuce gangunan da ke nuna hanya, ja da kore. Ba ta ce komai ba. Alhaji ya ce, "Abokin ango, ba za ka sayi baki ba?" Na lalubi aljihu na sami alewar na'ana'a ɗaya irin wadda nake ajiye wa fasinja, na miƙa ta baya. Na ji an karɓa.

Da muka fita fili Alhaji ya ce in ja. Na ja igiya, ƙyallen ya hau yana kaɗawa da ƙara, sannan ya cika ya yi tsit. Alhaji ya kashe inji. Duk yinin ba mu yi wa kowa wannan ba. Ƙarar ta ɗauke, sai ruwa kawai yana shafar jikin jirgi, jirgin ya ɗan kwanta gefe ya fara tafiya da kansa. Hajiya ta yi salati.

Na saɓa wa Gwaggo na waiwaya sau ɗaya. Ta yaye mayafin. Ba ruwan take kallo ba, ba kuma dogayen gine-ginen da ke can nesa ba. Shi take kallo. Yana zaune itacen na ƙarƙashin tafinsa, idonsa a lumshe, yana juya kunci yana neman iska, kafin ƙyallen ya yi motsi hannunsa ya riga ya gyara.

"Malam," in ji ta, "idonka a rufe yake."

"Nan ba a buƙatarsa sosai."

"Haka tsohon yake yi?"

"Shi a tsaye yake yi."

Biyar saura ashirin da biyar na ce, "Alhaji, lokaci." Ya fara tura itacen zai juya. Sai Hajiya ta ce, "Kada ka juya tukuna. Mu kai wajen wancan dutsen." Alhaji ya buɗe ido ya dube ta, ni na dubi agogo. Muka tafi wajen dutsen.

A dawowa rana ta sunkuyo tana dukan mu a fuska, ruwan duk ya zama haske. Ina gaba ina fama da ƙyalle ina naɗewa, sai na ji Alhaji ya ce, muryarsa a sanyaye, "Ba na ganin gangunan." Kafin in saki abin da ke hannuna Hajiya ta riga ta miƙe, hannu ɗaya a kafaɗarsa, ɗaya ta kare ido.

"Wanne kake nema?"

"Ja. Ya zama yana damanmu."

"Ga shi can. Yi hagu kaɗan. Kaɗan na ce, Malam. Tsaya haka. Ga wani a gabansa."

Muryar da take yi wa marasa lafiya ce, ba gaggawa, ba gardama. Haka ta shigo da mu ganga bayan ganga. Dab da gadar katako na ji jirgin ya yi wani nishi daga ƙasa, ya ɗan tsaya kamar an riƙe masa ƙafa, sannan ya zame ya wuce. Biyar da minti shida. Mutane na tsaye a jere a gaɓa, Gwaggo ta sake guɗa.

Washegari ban je neman fasinja ba, na kai su su biyu mu ga ciro jirgin. Aka zura masa manyan ɗamaru biyu, inji ya ɗaga shi sama ruwa na zuba. A nan na ga ƙarfen da na yi wata shida ina son gani. Ya fi yadda na zata girma, kusan tsayina, mai faɗi kamar ƙofa, kuma duk tafiyar da muka yi yana ƙasa yana aikinsa ba mai ganinsa. A bakinsa na ƙasa akwai baƙin taɓo, kaurin tafin hannu.

Hajiya ta matsa ta dangwali taɓon da yatsa, ta kama hannun Alhaji ta shafa masa.

"Ka ji abin da muka taɓo jiya. Da an ƙara minti biyar da can za mu yi magariba."

"Laifin wa?" in ji shi.

"Laifin direba. Shi ke riƙe da takarda."

Na ce na karɓa. A mota ta ce in ba ta takardar ruwan. Na ce ai ta kusa ƙarewa, saura wata biyu, kuma ba jirgi. Ta ce ta sani, in dai ba ta. Ta ninke ta ta sa a jaka, sannan ta tuna wa Alhaji cewa ranar Asabar akwai suna a Tremont, ƙarfe goma.